Yadda Ake Saita Injin Turbo Don Hawan Tsaunin Mambila

Duk direban da ya taɓa tasowa daga Jalingo, ya bi ta Bali da Serti ya isa Mayo Selbe da lodi, ya san inda labari ke canzawa. Daga gindin tsaunin nan har ka fita Maisamari ka miƙe Nguroje da Gembu, motar da ke tashi kamar iska a ƙasa sai ta koma nishi. Hayaƙi ya yi baƙi, allurar zafi ta fara ɗagawa, direba ya ƙara taka totur, abin ya ƙara lalacewa. Da ya samu ya iso gareji, maganarsa ɗaya ce: "Oga, a ƙara mata mai, ba ta da wuta."

Na daɗe ina karɓar irin waɗannan motoci, kuma abin da nake so sabon bakanike ya fara riƙewa shi ne, a kan tsauni iska ce ke ƙaranci. Man da ke shiga injin ma ya yi mata yawa. Wanda ya ƙara mai a wannan hali, fistin yake gasawa.

Ga lissafin a taƙaice. A bakin teku nauyin iska kilofaskal 101 ne, abin da na'urar gwaji ke rubutawa kPa. A Kano yana wajen 95, a Jos mai tsayin kusan mita 1,200 yana wajen 88, a Mambila kuwa, inda tsaka-tsakin tsayin ya kai kusan mita 1,600, yana wajen 83 zuwa 84. Injin da ba shi da turbo yana asarar kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 1,000. Turbo, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa don matsa iska cikin inji, na cike wani ɓangare na wannan giɓi, amma da wahalarsa yake cikewa: don ya tara matsin 200 a bakin teku, ninka iska sau 2 zai yi, a Mambila kuwa sai ya ninka ta kusan sau 2.4. Ke nan yana juyi da sauri fiye da da, iskar da yake turawa ta fi zafi, ga lagireto da intakula (mai sanyaya iskar da turbo ke turawa) su ma siririyar iska ce ke bi ta cikinsu, ba sa huce zafi kamar a ƙasa. Iyakar ilimin da kake buƙata ke nan. Abin da zan faɗa ya shafi mai hawa Jos ko Gaundare a Kamaru, sai dai can abin bai kai na Mambila tsanani ba.

Kayan aiki

Na'urar gwajin mota wadda ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari, mai nuna abin da sensoshi ke karantawa yayin da injin ke aiki. Ƙaramar na'urar ELM327 haɗe da wayar salula tana wadatarwa a motoci da yawa, amma wasu tsofaffin masu shan gas ba sa magana da ita, sai babbar na'ura.
Agogon auna matsin turbo da siririn tiyonsa.
Agogon auna zafin hayaƙi mai kai digiri 1,000, tare da tsinken da ake sokawa a bututun hayaƙi.
Murfin roba na masu aikin famfo daidai bakin tiyon turbo, guda biyu, ɗaya an huda an sa masa bawul ɗin taya.
Famfon iska mai agogo, da ruwan sabulu a gora.
Sufanu, sukudireba, filaya, sababbin kilif na ɗaure tiyo, fenti ko alli na yin alama.
Feshin wanke sensa, sabuwar matatar iska, sabuwar matatar mai, sabon murfin lagireto.
Littafi da biro, da mutum na biyu wanda zai zauna gefe yana rubutu. Kada ka raina wannan na ƙarshe.

1. Gane irin injin da ke gabanka

Kafin ka taɓa komai, ka san wa ke ba da umarni a injin. Iri uku za ka riƙa gani. Akwai tsohon mai shan gas da famfon hannu, irin su 2L-T da 1HD-T na Toyota da 4D56 na tsofaffin Mitsubishi, inda sukurori ke yanke yawan mai. Akwai na zamani mai ƙwaƙwalwa, irin su 1KD da 2KD da 1GD da 2GD na Hilux, inda kwamfuta ke auna iska ta rage mai da kanta. Sai mai shan fetur da turbo. Ka kuma tambayi mai motar ko an taɓa shiga ƙwaƙwalwarta an ƙara mata ƙarfi, ko an liƙa mata ɗan akwatin nan da ake sayarwa wai yana ƙara wuta. Da yawa ba za su faɗa maka ba sai ka leƙa wajen wayoyin layin mai ka gani da idonka.

Idan Hilux ce mai fetur 2.7, ba ta da turbo. Ita dai haƙuri da giya ne maganinta.

2. Fara da numfashin injin

Buɗe gidan matatar iska. Motar da ta sha ƙurar hunturu a hanyar ƙasa, matatarta ta riga ta rage mata iska tun kafin ta ga tsauni. Canza ta. Kada ka yarda da kaɗewa da hurawa da iska mai ƙarfi, domin takardar na tsagewa a inda ido ba ya gani, ƙura ta wuce ta cinye fukafukan turbo.

Cire tiyon da ke shiga bakin turbo, injin a kashe kuma ya huce. Kama sandar tsakiya da yatsa biyu. Ɗan motsi kaɗan gefe da gefe ba laifi ba ne muddin fukafukan ba sa gogar jikin gidan. Motsi gaba da baya kuwa bai kamata ka ji shi ba. In ka ji, ko ka ga bakin fukafukai ya gutsure, tsaya nan. Turbon da ya gaji ba a saita shi, gyara shi ake yi, kuma tsauni ne zai ƙarasa shi.

Sauke intakula ka tsiyaye ta. Ɗan maiƙo a ciki abu ne da aka saba, amma in baƙin mai ya kwanta har yana zuba, ka wanke ta da kananzir, ka bi da ruwan sabulu, ka bar ta ta bushe ƙarau kafin ka mayar. Injin gas yana iya shan ragowar kananzir ɗin ya tashi da gudun da makulli ba zai kashe shi ba. Ka kuma wanke laka da ƙwarin da suka toshe idanunta ta waje.

3. Nemo inda iska ke zurarewa

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma rabin motocin da ake cewa ba su da wuta a nan ciwonsu yake. Cire tiyo daga mafitar turbo ka toshe da murfin mai bawul, ka cire ɗaya ƙarshen daga bakin injin ka toshe da ɗaya murfin. Ɗaure su da kilif sosai, ka kauce daga saitinsu, don in suka fice kamar harsashi suke tafiya. Hura iska a hankali zuwa ba 0.7, iyaka ba 1 (ba, wato "bar", ma'aunin matsi ne, ba 1 daidai yake da kilofaskal 100). Yayyafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, da gefen intakula inda ƙarfe ya haɗu da roba, da lanƙwasar tiyo ta ƙasa inda yake gogar jikin mota. Inda kumfa ya tashi, nan ne.

In ba ka da famfo, na mai faci zai yi, da sharaɗin akwai agogo kuma kai ne ke riƙe da bakin. In babu murafen ma, bi tiyon da ido da hannu: duk inda ka ga jiƙaƙƙen baƙin maiƙo ya tara ƙura, iska na fita ta wurin.

Dalilin da ya sa nake nacewa: ƙaramar huda da mota ke jurewa a Jalingo, a kan tsauni tana sa turbo ya ƙara juyi don ya rama iskar da ke tserewa, alhali dama ya kusa iyakarsa. Leƙa kuma mahaɗar bututun hayaƙi da kan silinda. Baƙin tabo a wurin na nufin hayaƙin da ya kamata ya juya turbo yana fita banza.

4. Gyara sha'anin ruwa

A tsayin Mambila ruwa na tafasa a kusan digiri 95. Injin da ke hawa da lodi yana kaiwa nan cikin sauƙi. Abin da ke hana shi tafasa shi ne murfin lagireto, wanda ke riƙe matsi ya ɗaga tafasar zuwa sama da digiri 110. Murfin da robarsa ta mutu bai da maraba da marfin tukunya. Sa sabo mai lamba daidai da wadda kamfanin motar ya rubuta, yawanci 0.9 ko 1.1, kuma kada ka sa wanda ya fi ƙarfi wai don ƙarin tsaro, tiyo zai fasa maka. Zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya maimakon ruwan rijiya, ka duba fanbel, ka tabbatar fanka na kamawa idan injin ya yi zafi.

Sai maganar tamostat, ƴar na'urar da ke daidaita zafin ruwan inji, wadda mu kanikawa muka mayar da cire ta al'ada. Ban yarda da wannan ba, balle ga motar tsauni. Safiyar Nguroje akwai sanyi, kuma a doguwar gangara injin da ba shi da tamostat yana yin sanyi fiye da kima, gas ba ya ƙonewa da kyau, ƙwaƙwalwar mota ta yi ta lissafi a kan zafin ƙarya. In an cire, mayar da ita. Ka gwada hitocin tayar da inji tun kana wurin, ko mutum ya huta da turin mota da asuba.

5. Tabbatar sensoshi gaskiya suke faɗa

Ga mota mai ƙwaƙwalwa, wannan shi ne zuciyar aikin. Soka na'ura, murɗa makulli fitilu su kawo amma kada ka tayar. A wannan hali sensar matsin da ke bakin injin da sensar nauyin iskar waje dole su faɗi kusan abu ɗaya, kuma ya dace da inda kake tsaye: wajen 95 a Kano, wajen 88 a Jos, wajen 83 a Mambila. In kana Gembu na'ura ta nuna maka 100, motar na zaton tana Legas, kuma man Legas za ta riƙa zubawa. In lambobin biyu sun saɓa da fiye da 3 ko 4, cire sensar bakin injin. Galibi za ka same ta a toshe da kunkunniyar da bawul ɗin mayar da hayaƙi ke turowa. Fesa mata feshin sensa, ka bar ta ta bushe. Kada ka soka mata waya ko allura. Ka duba siririn tiyonta da ƴar matatar da ke kansa in tana da ita, ka wanke sensar iska da ke bayan matata ba tare da yatsanka ya taɓa zaren cikinta ba.

6. Ɗaura agogunanka, ka hau da lodi

Agogon matsi a haɗa shi da bakin injin bayan intakula. Tsinken zafin hayaƙi wurinsa mafi kyau shi ne bututun da ke tattara hayaƙi kafin turbo. A sauke bututun a huda, don ɓarɓashin ƙarfe ɗaya in ya shiga turbo ya isa ɓarna. In ba za a iya saukewa ba, a sa tsinken bayan turbo, amma ka sani abin da zai nuna zai gaza na gaskiya da digiri 100 zuwa 150, wani lokaci ma fiye, sai ka riƙa ƙarawa a lissafinka.

Saitin da aka yi a gareji mota a tsaye ba saiti ba ne. Ɗora mata irin lodin da take ɗauka kullum, ka zaɓi hawa guda mai tsawo wanda za ka iya maimaitawa, a giya ɗaya, yawanci ta uku. Kai ka kalli hanya, na gefenka ya rubuta juyin inji, matsin turbo, zafin hayaƙi, zafin ruwa, da launin hayaƙin da yake gani ta madubi. A injin gas, ni ba na barin zafin hayaƙi kafin turbo ya zauna sama da digiri 650, kuma in ya taɓa 700 nan take nake sassauta ƙafa. Wannan hawan farko shi ne ma'auninka. Duk abin da za ka yi daga baya da shi za ka gwada.

Wanda bai samu agogon zafin hayaƙi ba, hayaƙin kansa ne malaminsa. Ɗan toka-toka lokacin da aka taka ba komai. Baƙi mai ɗorewa har bayan turbo ya kama yana nufin mai ya fi iska, kuma cikin injin ya fi yadda kake zato zafi.

7. Saitin kansa

Injin famfon hannu. A saman famfon akwai wani ɗan gida mai kama da faifai, da siririn tiyo daga bakin injin. Aikinsa ya hana mai yawa shiga har sai turbo ya tara iska. Fara da shi: duba tiyon, ka tabbatar robar cikinsa ba ta yage ba. In baƙin hayaƙin yana fitowa ne a farkon taka totur kawai, sannan ya washe, sukurun saman wannan gida za ka sassauto waje kaɗan. In kuwa hayaƙi da zafi suna nan har ƙarshen hawa, babban sukurun mai ne, wanda ke bayan famfon da notin kulle. Yi alama da fenti inda ka same shi. Sassauta notin, ka juya sukurun waje kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ka ɗaure, ka daidaita silo domin zai ɗan sauka, ka koma ka hau. Kashi ɗaya cikin takwas, ba fiye ba, kuma abu ɗaya ake taɓawa a kowane hawa. In ka taɓa biyu ba za ka san wanda ya yi aiki ba.

Kada ka kuskura ka juya shi ciki da yawa. Injin na iya tashi da gudu ya ƙi mutuwa. Duk lokacin da za ka tayar bayan taɓa wannan sukuru, a cire tiyon shigar iska, wani ya tsaya da faffaɗan katako a shirye ya toshe bakin. Katako na ce, ba tafin hannu ba. Manyan motoci masu famfon jere kuwa, a kai famfon wurin masu gwada shi a kan benci.

Sai sandar ƙofar sakin hayaƙi da ke jikin turbo. A irin waɗannan injuna sifirin ne ke riƙe ta, shi ya sa agogo zai nuna maka ba 0.8 a ƙasa, ya nuna 0.8 a sama, ka ɗauka ba abin da ya ragu. Ya ragu: jimillar matsin, wato na turbo haɗe da nauyin iskar waje, ta sauko daga wajen 181 zuwa wajen 164, kusan kashi 10 cikin 100. A nan ne ake jarabtar mutum ya gajarce sandar ya ƙara matsi. Wani mai ɗaukar buhunan masara ya taɓa kawo mini motarsa bayan an yi masa haka a wani gareji a ƙasa, an kuma ƙara masa mai a kai. Kwana kaɗan ya ji daɗinta. Da muka buɗe, fukafukan turbo sun watse, gutsattsarinsu har cikin intakula, fistin ɗaya ya fara narkewa a baki. Abin ya dame ni ƙwarai, domin motar ce abincin gidansa, kuma kuɗin gyaran ya ninka na saitin sau da yawa. Ni shawarata a bar sandar yadda kamfani ya saita ta. Haka ma lokacin feshin mai: a mayar da shi kan alamar kamfani a bar shi nan.

Injin gas mai ƙwaƙwalwa. Babu sukurun da za ka murɗa. In sensoshi lafiya suke, ita da kanta za ta rage mai da matsi gwargwadon tsayi, kuma ɗan raguwar ƙarfin da direba ke ji kariya ce aka gina mata. Cire duk wani akwatin ƙarin wuta, domin ruɗin kwamfuta yake yi ta ƙara mai ba tare da ya san tsayin da ake ba. In an taɓa sauya lissafin ƙwaƙwalwar, a mayar da na asali, ko a kai wa wanda zai rage matsin da ake nema da yawan mai a layukan da nauyin iska ya yi ƙasa da 90. Kafin kowa ya rubuta wani abu a ciki, a kwafe na asalin a ajiye wuri biyu. Injunan 1KD da 1GD da 2GD turbonsu na da ƴan fukafukai masu buɗewa da rufewa a ɓangaren hayaƙi. In ka ga matsi na haurawa sama da abin da kwamfuta ta nema sannan mota ta yanke ƙarfi ta kunna fitila, yawanci kunkunniya ce ta riƙe su, wanki suke so.

Injin fetur. Abokin gabarsa shi ne ƙarar nan mai kama da tsakuwa a gwangwani lokacin da aka taka a hawa. Iskar turbo mai zafi da fetur maras kyau ne ke kawo ta. A na'ura ka kalli yadda kwamfuta ke ja da lokacin tartsatsi baya, da zafin iskar da ke shiga. Sa filogi irin wanda aka rubuta wa injin da tazarar bakinsa daidai, ka sha mai a gidan man da ka yarda da shi tun a ƙasa, ka bar matsi a na kamfani.

8. Maimaita hawan, sannan ka zaunar da direba

Ka ci gaba da hawa da gyara har sai hayaƙi ya washe, zafin hayaƙi ya tsaya ƙasa da iyaka, allurar ruwa ta daina tafiya. Rubuta lambobin ƙarshe da yawan juyin da ka yi wa sukuru, ka ba mai motar kwafi ya ajiye a aljihun mota. In ta koma aiki a ƙasa dindindin, da wannan takarda za a mayar da ita kan alamar fenti.

Sai direba, domin ƙafarsa na iya rushe duk abin da ka yi. Nuna masa a agogo, ya gani da idonsa: a babbar giya, injin na nishi ƙasa da juyi 1,800 totur a ƙasa, zafin hayaƙi hawa yake yi. Da ya sauko giya ɗaya juyi ya koma tsakanin 2,200 da 2,800, allurar za ta sauka, motar kuma ta fi tafiya. Ya kashe na'urar sanyi a dogon hawa. In ya kai sama, kada ya kashe injin nan take, ya bar shi a silo minti 2 zuwa 3, don baƙin mai ya ci gaba da zagaya sandar turbo har ta huce, in ba haka ba man ƙonewa yake yi a kanta. Juyen baƙin mai ma ya riƙa yi da wuri fiye da motar da ke yawo a gari.

Ranar saukowa zuwa Mayo Selbe, giyar da ya hau da ita, da ita zai sauko. Injin gas ba ya riƙe mota a gangara kamar na fetur, kuma abin da ke sauƙaƙa taka birki shi ma da nauyin iskar waje yake aiki, don haka a sama birkin kan ɗan yi tauri. Kafin motar ta bar garejinka, duba man birki, in ya yi duhu ko ya haura shekara 2 a canza shi, domin tsohon mai ya sha ruwa kuma yana tafasa a doguwar gangara. Ka gaya masa ya riƙa taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci yana saki, in ya ji ƙauri ya nemi fili ya tsaya, ya sa dutse a taya, ya jira su huce ba tare da ya watsa musu ruwa ba.